Littattafai 66, Labari Ɗaya: Laccar Buɗe Ajin Manya

Na san wasunku daga gona suka taso, wasu sun rufe shago tun lokaci bai yi ba, iyayenmu mata kuma sun sauke tukunya da wuri don kada zaman nan ya wuce su. Allah ya saka muku da alheri. A cikinmu akwai wanda ya shekara talatin yana zuwa sujada amma bai taɓa karanta littafi ɗaya na Littafi Mai Tsarki daga farko zuwa ƙarshe ba, akwai kuma wadda sai bara ta fara haɗa baƙi a ajin yaƙi da jahilci. Kada ɗayanku ya ji kunyar ɗaya. Gemu ba ya hana ilimi, kuma wannan aji naku ne.

Kowa ya ɗauki Littafinsa ya buɗe shafin farko-farko, inda aka jera sunayen littattafai. Wanda bai zo da nasa ba ya matsa kusa da maƙwabcinsa. Abin da kuke riƙe da shi bango ɗaya gare shi, amma littattafai 66 ne a ciki: 39 a Tsohon Alkawari, 27 a Sabon Alkawari. An rubuta su cikin tsawon lokacin da ya haura shekara dubu, ta hannun mutane iri-iri, da sarki da makiyayi da firist da likita da masunci. Tsohon Alkawari da Ibrananci aka rubuta shi, sai wasu sassa na Daniyel da Ezra da suke da Aramiyanci. Sabon Alkawari kuwa da Girkanci ne, irin Girkancin da ake ciniki da shi a kasuwannin daular Roma. Idan kuka ga Littafin ɗan'uwanku na Katolika ya fi naku kauri, kada ku yi mamaki. Nasu yana da 73, domin sun haɗa da littattafai bakwai a Tsohon Alkawari: Tobit, Yudit, Hikimar Sulemanu, Sirak, Baruk da Makabiyawa na ɗaya da na biyu. A Sabon Alkawari kuwa babu bambanci ko na littafi ɗaya tsakaninmu da su.

Ku ɗauke shi kamar babban gidan gandu. Katanga ɗaya ta kewaye shi, mai gida ɗaya ne, amma sassa da yawa, kowane sashe da irin zamansa da irin maganarsa. Baƙon da ya haura katanga ya faɗa tsakiyar gida zai ruɗe, wanda ya shiga ta zaure kuwa za a nuna masa kowa da wurinsa. Aikina yau shi ne in zaga da ku gidan sau ɗaya, don in kun dawo ku kaɗai ku san inda kuka dosa. Abu ɗaya nake so ku riƙe tun yanzu: littattafan nan suna ba da labari ɗaya ne, labarin Allah da ya ɗauki alkawari ga mutanen da suka juya masa baya, ya kuma cika shi cikin Yesu Almasihu. Koyarwar bangaskiyarmu daga cikin wannan labari ta tsiro. Wanda ya san labarin ba zai sha wuyar koyarwar ba.

Littattafai biyar na farko su ne ake kira Attaura ko littattafan Musa: Farawa, Fitowa, Firistoci, Ƙidaya da Maimaitawar Shari'a. Dattawan da suka tashi da tsohuwar fassara za su ce Lissafi da Kubawar Shari'a, duk abu ɗaya ne. Surori goma sha ɗaya na farkon Farawa suna magana a kan duniya duka: Allah ya yi kome, ya ga yana da kyau, ya yi mutum namiji da mace cikin kamanninsa, mutum ya yi tawaye, ɗan'uwa ya kashe ɗan'uwansa, rigyawa ta zo, mutane suka warwatse. A sura ta 12 sai labarin ya tsuke a kan mutum ɗaya. Allah ya kira Ibrahim ya bar ƙasarsa da danginsa, ya yi masa alkawarin zuriya da ƙasa, ya kuma ce ta wurinsa dukan kabilan duniya za su sami albarka. Ku sa alama a wannan wuri da fensir. Duk abin da ya biyo baya, har zuwa shafin ƙarshe na Wahayi, bin sawun wannan alkawari ne. Daga Ibrahim sai Ishaku, sai Yakubu da 'ya'yansa goma sha biyu, sai Yusufu wanda 'yan'uwansa suka sayar, wanda labarinsa ya cika surori na ƙarshe har zuwa ta 50.

Fitowa ta sami zuriyar Yakubu bayi a Masar suna buga tubali. Allah ya aiko Musa, aka yi daren Ƙetarewa da jinin ɗan rago a dogaran ƙofa, suka haye teku, suka iso Dutsen Sinai inda aka ba da Dokoki Goma a sura ta 20. Ku lura da jerin abubuwan, domin a nan mutane da yawa suke juya bangaskiya kai ƙasa. Allah bai ba su doka a Masar ya ce in sun kiyaye zai fitar da su ba. Ya fitar da su tukuna, sannan ya nuna musu yadda mutanen da aka 'yantar za su zauna. Ceto ne a gaba, biyayya tana biye da shi, kuma haka tsarin yake har cikin Sabon Alkawari.

Littafin Firistoci shi ne inda yawancin masu niyyar karance Littafi Mai Tsarki suke sarewa, saboda ƙa'idodin hadaya da na tsarki. Ba zan ɓoye muku ba, yana da nauyi. Amma kada ku raina shi. Sura ta 16 ta kwatanta Ranar Kafara, ranar da babban firist yake shiga wuri mafi tsarki sau ɗaya a shekara da jini saboda zunubin jama'a, kuma in ba ku san wannan ba, wasiƙar Ibraniyawa za ta zama muku rufaffiya. A sura ta 19 kuma za ku tarar da umarnin da ya shafi gonarku kai tsaye: manomi kada ya girbe gonarsa har gefe, kada ya koma ya tsince abin da ya zube, ya bar wa matalauci da baƙo su yi kala. Mai gona kada ya kwana da kuɗin ɗan ƙwadago a aljihunsa. A wannan sura ce aka fara ba da umarnin ƙaunar maƙwabci da Yesu ya ɗauko daga baya.

Sai littattafan tarihi goma sha biyu, daga Joshuwa zuwa Esta. Nan za mu yi sauri. Zuriyar Yakubu sun shiga ƙasar Kan'ana, mahukunta sun shugabance su, sun nemi sarki aka ba su Saul, sai Dawuda, sai Sulemanu wanda ya gina Haikali a Urushalima. Bayansa masarauta ta rabu biyu, Isra'ila a arewa, Yahuza a kudu. Assuriyawa suka ci Samariya, babban birnin arewa, wajen shekara ta 722 kafin haihuwar Almasihu. Nebukadnezzar na Babila ya rushe Urushalima da Haikalinta wajen 586, ya kwashi mutane zuwa bauta. Da Sairus na Farisa ya ci Babila a 539, ya ba su izinin komawa gida, Ezra da Nehemiya kuma suna ba da labarin sake gini. Shekarun nan uku in kun riƙe su, annabawa za su zauna muku daidai, don kowane annabi ko dai kafin bautar ya yi magana, ko a cikinta, ko bayanta.

A tsakiyar wannan tarihi akwai wurin da nake so mu tsaya, Sama'ila na biyu, sura ta 11 da ta 12. Dawuda sarki ne, gwarzo, mawaƙi, wanda Allah ya yi wa alkawarin cewa sarautar gidansa za ta dawwama. Shi ne ya ɗauki matar Uriya, sojansa da ke bakin daga, da ciki ya bayyana kuma ya shirya yadda za a bar mijin a gaban abokan gaba ya mutu. Wasiƙar da ke ɗauke da hukuncin kisan, Uriya da hannunsa ya kai ta ga shugaban yaƙi. Annabi Natan ya zo fada ya ba sarki labarin attajiri mai garke da ya ƙwace 'yar tunkiya ɗaya tilo ta talaka ya yanka wa baƙonsa. Dawuda ya fusata ya yanke wa attajirin hukunci, Natan ya nuna masa cewa kansa ya yanke wa. Ku tambayi kanku, wace fada ce za ta bar marubutanta su ajiye irin wannan labari a kan sarkin da ta fi alfahari da shi? Maroƙa ba sa faɗin wannan. Littafi Mai Tsarki ya faɗa, kamar yadda ya faɗi ƙaryar Ibrahim da fushin Musa da musun Bitrus. Wannan yana cikin dalilan da suka sa nake gaskata shi, kuma yana koya mana cewa gwarzon labarin Allah ne kaɗai.

Littattafan waƙa da hikima biyar ne. In kun buɗe Littafinku a tsakiya, galibi a Zabura za ku faɗa, waƙoƙi da addu'o'i 150. Ta 117 aya biyu ce kawai, ta 119 kuwa aya 176. Akwai na yabo, akwai na tuba, akwai kuma da yawa na kuka, inda mai addu'a yake tambayar Allah har yaushe zai yi shiru. Uwar da ta binne ɗa, da magidancin da aka ƙone masa rumbu, suna da wuri a Zabura, ba sai sun share hawaye kafin su shiga ba. Ayuba yana kokawa da wahalar mai adalci, kuma a ƙarshe Allah ya tsawata wa abokansa da suka nace cewa lalle zunubinsa ne ya jawo masa. Ina roƙonku ku tuna da haka duk ranar da kuka je gaisuwar mara lafiya. Karin Magana na zaman duniya ne, Mai Hadishi yana auna ƙarshen wahalar ɗan Adam, Waƙar Waƙoƙi kuma tana girmama ƙauna tsakanin namiji da mace ba tare da kunya ba.

Annabawa littattafai 17 ne. Ishaya, Irmiya, Makoki, Ezekiyel da Daniyel su ne ake kira manya, sauran sha biyun ƙanana, saboda gajartar littattafansu kawai. Mutane suna zaton aikin annabi shi ne faɗin abin da zai faru gobe. Suna faɗa, amma mafi yawan maganarsu a kan abin da ke faruwa a gabansu ne. Ku ɗauki Amos, makiyayi daga Tekowa. A sura ta 8 ya shiga kasuwa ya kwatanta 'yan kasuwar da suka ƙosa ranar hutu ta wuce su buɗe buhu, suna rage mudu, suna ƙara farashi, suna murɗa ma'auni, har ɓuntun hatsi da sharar ƙasa suna haɗawa su sayar wa talaka. Duk wanda ya taɓa sayen masara da mudun da aka buga wa gindi ya san mutanen da Amos yake nufi. Ya gaya musu Allah ba ya karɓar waƙoƙinsu da hadayunsu muddin haka suke yi. Amma annabawan nan da suka yi tsawa su ne kuma suka hango gaba. Irmiya a sura ta 31 ya yi maganar sabon alkawari da za a rubuta a zuciya. Ishaya a sura ta 53 ya kwatanta Bawan Ubangiji da zai sha azaba saboda laifin wasu. Da wannan jira Tsohon Alkawari ya rufe.

Sabon Alkawari ya buɗe da Bishara huɗu: Matiyu, Markus, Luka da Yahaya, ko Matta da Yohanna a tsohuwar fassara. Shaidu huɗu ne a kan mutum ɗaya. Markus ya fi gajarta, sura 16, kuma yawancin masana suna ganin shi aka fara rubutawa. Matiyu yana yawan nuna yadda Yesu ya cika abin da annabawa suka faɗa, a cikinsa ne kuma Huɗuba a Kan Dutse take, sura ta 5 zuwa ta 7. Luka ya ce ya bi diddigin al'amuran daga wurin waɗanda suka gani da ido, kuma shi kaɗai ya kawo mana misalin Basamariye mai tausayi da na ɗan da ya ɓatar da gadonsa ya komo gida. Yahaya ya zaɓi alamu kaɗan ya yi zurfi a kansu don a gane wane ne Yesu. Dukansu huɗu sun ba makon ƙarshe na rayuwarsa babban fili, abin da ke nuna inda nauyin labarin yake. An gicciye shi a zamanin Fontiyus Bilatus, wanda ya yi gwamnan Yahudiya daga shekara ta 26 zuwa ta 36, mutumin da tarihin Romawa ma ya san da shi.

Ayyukan Manzanni ci gaban littafin Luka ne. Ya fara da 'yan almajirai a ɗaki a Urushalima, Ruhu Mai Tsarki ya sauko ranar Fentikos, ya ƙare da Bulus a tsare a Roma yana wa'azi ga duk mai zuwa wurinsa. A sura ta 8 wani Bahabashe, ma'ajin sarauniya, yana karanta Ishaya a cikin karusarsa bai gane ba, Filibus ya hau ya zauna kusa da shi ya bayyana masa. Babban mutum ne, mai riƙe da baitulmalin ƙasa, bai ji kunyar cewa yana bukatar mai koya masa ba.

Wasiƙu 21 suka biyo baya, 13 daga ciki suna ɗauke da sunan Bulus. An rubuta su ga ikkilisiyoyi na gaske masu matsaloli na gaske: rarrabuwa da kai ƙarar juna a Koranti, masu tilasta wa sababbin masu bi kaciya a Galatiya, waɗanda suka daina aiki a Tasalonika. Romawa ita ce ta fi shimfiɗa koyarwar ceto daki-daki. Amma in kuna so ku ga abin da bishara take yi a cikin gida, ku karanta Filimon, aya 25 kacal. Onisimus bawa ne da ya bar ubangidansa Filimon, ya haɗu da Bulus a kurkuku, ya ba da gaskiya. Bulus ya mayar da shi da wasiƙa yana roƙon Filimon ya karɓe shi a matsayin ɗan'uwa, in kuma akwai bashi a kansa a ɗora wa Bulus. Littafin ƙarshe shi ne Wahayin Yahaya, da aka rubuta daga tsibirin Batmusa zuwa ga ikkilisiyoyi bakwai da ke ƙasar Turkiyya ta yau, masu bi da ke cikin matsi. Saƙonsa shi ne Ɗan Ragon ya yi nasara, Allah zai sabunta kome. Shawarata ku bar shi zuwa ƙarshe, ku kuma yi nesa da duk wanda ya ce ya lissafa ranar tashin duniya daga cikinsa, domin Yesu da kansa ya ce ba a ba mu sanin ranar ba.

Wani zai tambaye ku, kuma na san an riga an tambayi wasunku a kasuwa ko a wurin aiki: ta yaya kuka san ba a canja littafin nan ba? Ku amsa da natsuwa. A 1947 aka fara gano tsofaffin naɗaɗɗun littattafai a kogunan Kumran kusa da Tekun Gishiri, a ciki har da cikakken littafin Ishaya da aka kwafa tun kafin haihuwar Yesu, kuma da aka gwada shi da wanda ke hannu aka ga saƙon bai sauya ba. Kwafe-kwafen Sabon Alkawari na hannu da Girkanci sun haura 5,000. Da yake da hannu aka kwafa, akwai bambance-bambance a tsakaninsu, yawancinsu na rubutun kalma ne. 'Yan wuraren da suka fi girma, kamar ƙarshen Markus da labarin matar da aka kama da zina a farkon sura ta 8 ta Yahaya, fassarori da yawa suna sa musu alama a fili don mai karatu ya sani. Ba abin da aka ɓoye a ƙarƙashin tabarma.

Nahiyarmu kuma tana da hannu a wannan tarihi tun farko. A Iskandariyya ta Masar aka fara juya Attaura zuwa Girkanci, a ƙarni na uku kafin Almasihu. Atanasiyus, bishop na wannan birni, ya jera littattafai 27 na Sabon Alkawari a wasiƙarsa ta shekarar 367, su ne dai waɗanda suke a hannunku. Tarurrukan ikkilisiya a Hippo, cikin Aljeriya ta yau, a 393, da Kartaj, cikin Tunisiya, a 397, suka tabbatar da su. Tarurrukan nan sun amince ne da littattafan da ikkilisiyoyi suka daɗe suna karantawa a sujada saboda sun fito daga manzanni da na kusa da su. Zuwan Littafi Mai Tsarki Hausa kuwa ya ɗauki wahalar mutane da yawa. A ƙarni na 19 J. F. Schön ya fassara sassa a Ingila, kuma ya amfana ƙwarai da Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da ya bi matafiyi Barth zuwa Turai. Likita Miller na Zariya da abokan aikinsa suka ci gaba, har cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932. Surori da ayoyi ma ba tare da littattafan aka haife su ba. An raba surori a ƙarni na 13, ayoyin Sabon Alkawari kuma a 1551, don sauƙin nema kawai. Saboda haka kada lambar aya ta sa ku yanke magana a tsakiya.

Yanzu me muka gaskata daga cikin wannan labari? Da fari, Allah ɗaya ne. Ku faɗe shi da ƙarfi, don Musa ya faɗa, Yesu ya maimaita, Bulus da Yakubu sun rubuta a wasiƙunsu. Kirista ba ya bauta wa alloli uku. Amma almajiran Yesu, Yahudawa masu tsananin riƙon kaɗaitakar Allah, sun ga mutumin da yake gafarta zunubi, yake tsawata wa hadari ya kwanta, ya karɓi sujada, ya tashi daga matattu. Sun kuma ga Ruhu yana aiki a cikinsu da ikon da na Allah ne kaɗai. Ikkilisiya ta tattara wannan shaida ta ce Allah ɗaya ne cikin zatinsa, yana kuma wanzuwa tun fil'azal a matsayin Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Wannan ne ake kira Triniti. Da wani firist na Iskandariyya mai suna Ariyus ya koyar cewa Ɗan halitta ne, taron Nikiya na shekarar 325 ya ƙi wannan koyarwa, taron Kustantiniya na 381 kuma ya ƙarasa bayanin a kan Ruhu Mai Tsarki. Za ku ji ana kwatanta Triniti da abubuwan duniya iri-iri. Ni ba zan ba ku ko ɗaya ba, don kowane kwatanci yana gyara gefe ɗaya ya ɓata ɗaya, kuma Mahalicci ba shi da tamka a cikin halittarsa.

A nan ne maƙwabtanmu Musulmi suke da tambaya mafi nauyi, kuma sun cancanci amsa ta gaskiya cikin ladabi. In mun ce Yesu Ɗan Allah ne, ba ma nufin Allah ya yi aure ko ya haihu yadda mutane suke haihuwa. Wannan saɓo ne a wurinmu kamar yadda yake a wurinsu. Muna nufin dangantaka ta har abada, cewa Kalman Allah da yake tare da shi tun babu kome ya ɗauki jiki a cikin budurwa Maryamu, ya zama mutum na gaske mai jin yunwa da gajiya da kuka, bai kuwa daina zama Allah ba. Bambancin da ke tsakaninmu da su a kan wannan batu da kan gicciye na gaske ne, kada ku shafe shi don neman a yaba muku. Amma kada kuma ya zama dalilin zagi ko raini ga mutumin da kuke ɗiban ruwa a rijiya ɗaya da shi. Bitrus ya umarce mu mu ba da amsar begenmu da tawali'u da girmamawa.

Me ya kawo Yesu duniya? Zunubi. Littafi Mai Tsarki bai ɗauki zunubi a matsayin kurakurai da za a auna da ayyukan kirki a ga wanda ya rinjaya ba. Ya ɗauke shi a matsayin tawaye da ya shiga zuciyar kowa ya raba mu da Allah, abin da sadaka da azumi da zuwa sujada ba su isa su kankare ba. A kan gicciye Yesu marar zunubi ya ɗauki hukuncin da ya dace da mu. Ku tuna ɗan ragon Ƙetarewa, da Ranar Kafara, da Bawan da Ishaya ya gani: duk a nan suka haɗu. A rana ta uku ya tashi da jiki, mata ne suka fara tarar da kabarin ba kowa, Bulus kuma a Korantiyawa ta ɗaya sura ta 15 ya lissafa waɗanda suka gan shi, har da mutum fiye da 500 a lokaci ɗaya, ya ce yawancinsu suna raye sa'ad da yake rubutu. Ya ƙara da cewa in tashin nan bai faru ba, bangaskiyarmu duka ta rushe. A kan wannan al'amari ɗaya muka dogara gaba ɗaya.

Ceto kuwa kyauta ce ta alherin Allah, ana karɓarta ta wurin tuba da bangaskiya. Ba a saye, ba a gado. Haihuwa a gidan Kirista ko amsa sunan Bitrus ko Rifkatu ba ya ceton kowa, kuma duk wanda ya ce ku kawo kuɗi ya buɗe muku ƙofar albarka, ku karanta abin da Bitrus ya gaya wa Siman mai sihiri a Ayyukan Manzanni sura ta 8. Amma bangaskiyar da ba ta taɓa mudunka da bakinka da yadda kake riƙon iyalinka ba, Yakubu ya kira ta matacciya. Ruhu Mai Tsarki ne yake wannan aikin sakewa a cikin mai bi, yana kuma haɗa mu cikin ikkilisiya, inda muke shiga ta baftisma, muke ci daga Jibin Ubangiji muna tuna mutuwarsa. Ɗarikoki sun bambanta a kan yi wa jarirai baftisma da kan yadda suke fahimtar Jibin, za mu zo kansu a darasinsu. Dukanmu dai muna jiran dawowar Almasihu, da tashin matattu, da shari'a, da rai madawwami. Waɗannan su ne ke cikin Shaidar Bangaskiya da kuke faɗa a tsaye ranar Lahadi, kuma ina fata nan gaba in kuna faɗinta za ku riƙa ganin surorin da kowace jimla ta fito daga ciki.

Abu biyu nake roƙonku ku bari. Kada ku mai da Littafin laya, a sa a ƙarƙashin matashi don korar mugun mafarki alhali ba a buɗe shi. Kada kuma ku rufe ido ku buɗe inda hannu ya faɗa ku ce Allah ya yi magana, wannan duba ne da aka sa wa rigar ibada. Ku karanta sura ɗungum, ku tambaya wa ya rubuta, wa aka rubuta wa, me ya zo kafin ayar, me ya biyo bayanta. Surorin duka 1,189 ne. Mai karanta uku kullum da biyar ranar Lahadi zai gama cikin shekara, amma ban ɗora wa kowa wannan ba tukuna.

Za mu shiga ta Markus. Kafin mako mai zuwa kowa ya karanta sura ta 1 zuwa ta 4. Wanda idonsa ya yi rauni ko karatunsa bai nuna ba, ya sa ɗa ko jika ya karanta masa da murya bayan tuwon dare, haka masu bi na farko suka ji waɗannan littattafai, ana karanta musu a cikin taro. Ku zo da abu biyu a rubuce ko a ka: abin da Yesu ya yi da ya ba ku mamaki, da wurin da ba ku gane ba. Da tambayoyinku za mu fara zaman gaba. Baba mai shugabantar dattawa, a rufe mana da addu'a.